Zaɓen Kamshaf Ga Akori-Kura Mai Jan Kaya

Duk shekara idan kaka ta yi, babu motar da ke shan wahala a ƙasar Keffi kamar akori-kura. Ita ce ke kutsawa ƙauyukan Kokona da na Karu da na Nasarawa, inda babbar mota ba ta iya sa ƙafa, ta kwaso doya da masara da riɗi da gyaɗa ta fito da su bakin kwalta. Ita ce kuma, idan wata mota ta mutu a hanyar Akwanga ko ta Abuja, akan ɗaura wa sarƙa ta jawo ta gareji. Mai gidan bulo, da mai haƙa rijiyar burtsatse, da mai ba da hayar janareta a wuraren biki, duk da ita suke jan kayan sana'arsu. Saboda haka ranar da injin akori-kura ya raunana, manomi da ɗan dako da ɗan kasuwa duk sai sun ji a jikinsu.

To, a 'yan shekarun nan wata magana ta shigo garejinmu ta cikin wayar hannu. Samari suna kallon motocin Amurka waɗanda injinsu ke gurnani yana jijjiga ƙasa, ana ce musu asirin abin wani kamshaf ne na tsere da aka sa, kuma duk mai kuɗi yana iya aikawa a kawo masa. Mai akori-kurar da ta fara nishi a kan hawa kuwa, da ya ji haka sai ransa ya biya, ya ce ashe ga maganin motarsa. A kan wannan ne za mu yi bayani a wannan mako. Amsarmu dai tun da fari ita ce, motar jan kaya kamshaf mai gajeren buɗi take bukata, wanda ke ba da ƙarfi tun inji yana juyawa a hankali, kuma galibi wanda kamfani ya sa mata tun asali shi ne ya fi dacewa da ita. Ga dalilanmu.

Aikin Kamshaf

Tun daga shekarar 1876, lokacin da wani Bajamushe mai suna Nikolaus Otto ya fito da injin da ke aiki bisa matakai huɗu, har yau tsarin bai sake ba. Da farko fistin ya sauka ya zuƙo iska da mai, sa'an nan ya hau ya matse su, kana fulogi ya ba da wuta su fashe su tura shi ƙasa, daga ƙarshe ya sake hawa ya kori hayaƙi. Kafin a gama waɗannan matakai huɗu sai karanshaf ya juya sau biyu, watau digiri 720. Ƙofofin da iska ke shiga hayaƙi ke fita su ne bawul, mai tsaron ƙofofin kuwa shi ne kamshaf.

Shi kamshaf sandar ƙarfe ce mai tozaye a jere, kowane tozo da bawul ɗin da yake dannawa. Sarƙa ko bel ke haɗa shi da karanshaf, kuma yana juyi ɗaya ne a duk juyi biyu na karanshaf. Siffar tozon ita ke yanke lokacin da bawul zai buɗe, da iya zurfin da zai buɗe, da lokacin da zai rufe. Wanda ya sake kamshaf bai ƙara wa inji girma ba ko da ƙwayar gero. Abin da ya sake shi ne yadda injin ke numfashi, watau a wane gudu ne zai cika ƙirjinsa da iska, a wane gudu ne kuma numfashin zai gaza.

Masu ƙera kamshaf suna auna shi da ma'aunai uku, kuma ya kamata mai saye ya san su kamar yadda ya san lambar motarsa. Na ɗaya shi ne zurfin buɗi, watau milimita nawa bawul ke ɗagawa daga mazauninsa. Na biyu shi ne tsawon buɗi, watau digiri nawa karanshaf ke juyawa bawul yana buɗe. Na uku shi ne tazarar da ke tsakanin tozon shiga da tozon fita, wadda ita ke nuna tsawon ɗan lokacin nan da bawul ɗin biyu kan kasance a buɗe tare, hayaƙi bai gama fita ba sabuwar iska ta fara shigowa. A cikin ukun nan, tsawon buɗi shi ne ya fi sauya halin mota.

Ƙarfi Iri Biyu Ne

Abin da ke rikita mutane shi ne kalmar ƙarfi, domin kuwa ƙarfin inji iri biyu ne. Akwai ƙarfin murɗa, wanda shi ne ke ta da mota daga tsaye da lodi a bayanta. Akwai kuma ƙarfin doki, wanda lissafi ne na ƙarfin murɗa haɗe da saurin juyin inji. Mai tallar kamshaf ɗin tsere ƙarfin doki yake kirari da shi, amma ba ya faɗin a wane juyi ne dawakin ke fitowa. Sau da yawa sai inji ya haura juyi 5,000 a minti ɗaya, alhali kuwa direban da ke jan kaya yini yake tsakanin juyi 1,500 da 3,500. Dokin sukuwa da san noma duk ƙarfafa ne, amma ba a taɓa jin manomi mai hankali ya ɗaura wa dokin sukuwa garma ba.

Bari mu ɗauki misali da injin Toyota 22R, wanda ya fito a shekarar 1981, wanda kuma ya daɗe yana yi wa tsofaffin Hilux hidima a ƙasar nan. Girmansa kusan lita 2.4 ne, ƙarfin dokinsa bai cika 100 ba, amma ƙarfin murɗarsa yana kai ƙololuwa tun a juyi 2,800. Da gangan injiniyoyin suka yi haka, domin sun san motar aiki suke ƙerawa. Wanda ya sa wa wannan inji kamshaf mai dogon buɗi, ya ɗauke ƙololuwar daga inda direba ke aiki kullum ya kai ta can sama, inda ba ya zuwa sai in yana son injin ya buga.

Dalilin haka ba shi da wuyar ganewa. Bawul ɗin shiga ba ya rufewa daidai lokacin da fistin ya kai ƙasa, yakan ɗan jinkirta har fistin ya fara hawa. Idan inji yana gudu ƙwarai, iskar da ke shigowa tana tafe da ƙarfinta, saboda haka tana ci gaba da cusa kai cikin silinda ko da fistin ya juyo. Wannan shi ne ribar dogon buɗi ga motar tsere. Amma idan inji yana juyawa a hankali, iskar ba ta da wannan ƙarfin, sai fistin ya tarar da ƙofa a buɗe ya kore wani kaso na iska da mai ya mai da su inda suka fito. Abin da ya rage a silinda bai kai na da ba, matsi ya ragu, fashewa ta yi rauni, mota ta kasa tashi da lodi sai an ba ta wuta an ƙona kuloci. Gurnanin nan da ke burge samari ma ba alamar lafiya ba ce. Inji ne ke tuntuɓe a silo, domin hayaƙi yana gauraya da sabuwar iska. Hausawa sun riga sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai.

Hanyoyinmu Ne Alƙalai

Mai akori-kura a Keffi ya san hanyoyin da yake bi. Idan ya nufi Lafiya, da ya wuce Akwanga sai ya iske tsaunukan Eggon, inda hawan nan yake da direbobi suka laƙaba wa suna Many Have Gone, watau da yawa sun tafi. An gyara hanyar an mai da ita tagwaye, amma dutsen yana nan inda yake. Idan kuwa Jos ya nufa, Hawan Kibo na jiransa. Keffi tana kimanin mita 300 bisa teku, Jos kuwa ta kai mita 1,200, kuma injin da ba shi da tabo yana asarar kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk hawan mita 300, saboda iska tana ƙara sirancewa. Watau kafin mota ta kai saman dutse kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinta ya tafi. Motar da tun a ƙasa aka rage mata ƙarfin murɗa, da me za ta ƙarasa hawan?

Abin da ya fi wannan ban tsoro shi ne birki. A motar fetur, baƙar tukunyar nan da ke bayan fedar birki da zuƙar inji take aiki, ita ce ke ninka ƙarfin ƙafar direba. Inji mai lafiya da kamshaf ɗin kamfani yakan ba da zuƙa ta inci 17 zuwa 21 a ma'auni idan yana silo. Kamshaf mai dogon buɗi yana iya kayar da ita zuwa inci 12 ko ƙasa da haka. A nan ne direba zai taka birki sau ɗaya ya kama, ya taka na biyu ya ji feda ta sandare kamar dutse. Duk wanda ya taɓa shiga cunkoson Mararaba zuwa Nyanya da safe ya san sau nawa ake taka birki a cikin kilomita ɗaya. Ga kuma mugunyar ɗabi'ar nan ta sa mota a firi a kan gangara don tsimin mai. Motar da ke firi injinta silo yake yi, inda zuƙa ta fi rauni, kuma inji mai tuntuɓe yana iya mutuwa a nan take. To, a yi tunanin wannan da tan biyu a ɗaure a baya yana turo mota.

Su kansu Amurkawan da ake kwaikwayo ba haka suke yi wa motar aiki ba. Tun zamanin su Ed Iskenderian, wanda ya yi suna wajen wasa kamshaf a Kalifoniya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, masu wannan sana'a sun raba kayansu gida-gida, na tsere daban, na jan tirela daban. Ƙungiyar injiniyoyin mota ta ƙasarsu ma tana da ƙa'ida mai lamba J2807 ta auna nauyin da akori-kura ke iya ja, wadda manyan kamfanoni suka rungume ta wajejen shekarar 2015. Cikin gwajin har da hawa wani dutse kusa da madatsar ruwa ta Davis a jihar Arizona, mai tsawon kusan kilomita 18, cikin zafin da bai gaza digiri 38 ba, da na'urar sanyaya mota a kunne. Akwai kuma gwajin tashi daga tsaye a kan hawa sau da yawa a jere, da gwajin birki. Mai karatu zai lura cewa duk abin da ake nema a nan juriya ne da iya tashi da lodi, irin abin da zafin watan Maris ke nema daga motocinmu. Bayan haka, injin akori-kurarsu yakan kai lita 5 ko 6 da silinda takwas, yana da rarar ƙarfin da ko an zubar da wani ba a ji ba. Namu mai lita 2 ko 2.4 ba shi da wannan rara.

Wane Inji Ke Gabanka?

Ba duka injuna ne shawara ɗaya ta dace da su ba. Akwai tsofaffin Peugeot 404 da 504, waɗanda kamfanin Peugeot na Kaduna ya yi ta harhaɗawa bayan ya fara aiki a 1975, kuma har yau akan ga waɗansu a hanyoyin ƙauye suna ɗauke da doya. Kamshaf ɗinsu a cikin gangar inji yake, yana tura bawul ta hanyar tafet da sanduna. Haka ma injunan Toyota 3Y da 4Y. Irin waɗannan da wuya su yi gudun da dogon buɗi zai amfane su, saboda haka mai su ya nemi kamshaf irin na asali ya huta. A 22R kuwa kamshaf a saman silinda yake, kuma shi ne aka fi samun na kasuwa iri-iri saboda masoyansa a ƙasashen waje. A nan ne ya kamata a buɗe ido wajen zaɓe.

Sa'an nan akwai Hilux na baya-bayan nan masu injin 2TR na lita 2.7, wanda ya fito a 2004. Wannan yana da tsarin VVT-i, wanda Toyota ta fara sawa a motocinta tun 1995. Kwamfutar motar ce ke gusar da kamshaf gaba ko baya gwargwadon gudu da lodi, ta yi amfani da ƙarfin baƙin mai wajen juya shi. Watau mota da kanta tana yin abin da ake neman yi mata da sabon kamshaf, tana rufe bawul da wuri a ƙaramin gudu, tana jinkirtawa a babban gudu. Idan irin wannan mota ta yi sanyi, abin da za a fara dubawa shi ne baƙin mai. Mai da ya yi kauri ko ya yi datti yana toshe 'yar rariyar da ke kai shi ga na'urar, sai kamshaf ya tsaya wuri ɗaya. Sau da yawa juye mai kyau da wanke rariyar sun isa. Sa mata baƙon kamshaf ba tare da an sake tsara kwamfutar ba kuwa neman ƙiba ne da samo rama.

Masu injin dizal, irin su 2L da 3L da 5L da waɗanda suka biyo bayansu, su kam su cire wannan magana daga ransu ɗungurungum. Matsin da ke cikin injin dizal ya yi yawan da fistin kan zo dab da bawul, ratar da ke tsakaninsu 'yar ƙanƙanuwa ce. Ƙarin zurfi ko kuskuren taimin kaɗan ya isa fistin ya doki bawul ya lanƙwasa shi. Ƙarfin dizal a famfon mai da nozul da tabo yake. Abin da mai dizal zai kula da shi a wajen kamshaf shi ne bel ɗin da ke juya shi. A injunan L akan sake shi duk kilomita 100,000, kuma ranar da ya tsinke a hanya, inji ne gaba ɗaya zai sauka.

Kafin A Zargi Kamshaf

Galibin motocin da ake cewa ba su da ƙarfi, kamshaf ɗinsu lafiya lau yake. Makanike na ƙwarai ba ya kwance saman inji sai ya bi abubuwa masu araha tukuna. Zai auna matsin kowace silinda, domin ringi da ya cinye ko bawul da ya ƙone babu kamshaf ɗin da zai gyara shi. Zai auna ratar tafet, musamman a motocin da aka mayar masu amfani da iskar gas, domin iskar busasshiya ce, tana saurin cin mazaunin bawul, kuma ita kanta tana ɗan rage ƙarfin mota. Zai duba ko sarƙar taimin ta saki ko an tsallake haƙori ɗaya wajen ɗauri, domin haƙori ɗaya ya fi digiri goma nesa ba kusa ba. Zai duba matatar iska, wadda ƙurar hunturu kan toshe cikin 'yan makonni, da kafireta, da salansa da ta cushe, da birkin da ke riƙe ƙafa, da kuloci mai zamewa.

Akwai kuma abubuwa biyu da ke wajen inji waɗanda ba a cika tunawa da su ba. Na farko taya. Mutum ya cire taya mai tsayin inci 28 ya sa mai inci 31 don mota ta yi kyan gani, bai san ya zubar da kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da ke isa ƙasa ba. Na biyu haƙoran aksul na baya. Motar da lissafin haƙoranta 4.10 ne, idan aka sa mata 4.56 ta sami ƙarin kashi 11 cikin 100 na ƙarfin ja a kowace giya, ba tare da an taɓa inji ba. Abin da za a rasa shi ne ɗan gudu a miƙaƙƙiyar hanya, wanda mai jan kaya dama ba ya bukata. Sai dai mai mota mai ja da ƙafa huɗu ya sani gaba da baya duka ake sakewa tare.

Gaskiyar da ba a son ji kuma ita ce lodi. Akori-kura irin namu kimanin tan ɗaya aka ƙera ta ta ɗauka. Sababbin Hilux na dizal akwai waɗanda kamfani ya yarda su ja kilo 3,500, amma da sharaɗin abin da ake ja yana da birkin kansa. Idan ba shi da birki, kilo 750 ne iyaka. Motar da ta mutu ake janta da igiya kuwa, birkinta da sitiyarinta duk sun yi tauri tun da injinta ba ya aiki, shi ya sa sandar ƙarfe ta fi igiya aminci, motar janwe kuma ta fi su duka. Wanda ya ɗora tan biyu da rabi a bodi ya ce mota ba ta ja, ba kamshaf ne ya gaza ba.

Idan Sakewa Ta Zama Dole

Kamshaf yana cinyewa, musamman inda ake wasa da juye. Alamarsa ƙarar tafet da ba ta jin gyara, da silinda ɗaya da ke sanyi, da tozo da ya goge idan an buɗe murfi an duba. Idan abin ya kai haka, zaɓi na farko shi ne irin na kamfani, da lambarsa daidai da lambar inji. Wanda ya nace sai na kasuwa, ya nemi takardar ma'auni da ke zuwa tare da shi, in babu takarda kada ya saya. A takardar ya nemi tsawon buɗi da aka auna a ɗagawar inci 0.050, watau milimita 1.27, domin shi ne ma'aunin da ake iya kwatanta na wannan kamfani da na wancan. Lambar da ake bugawa a kwali don talla takan fi girma, kamshaf da aka rubuta wa 270 yana iya zama 220 a wannan ma'auni.

Ga motar jan kaya, abin da ya dace shi ne tsawon buɗi tsakanin digiri 195 da 215, da tazarar tozaye ta digiri 110 zuwa 114, da zurfin buɗi da bai zarce na asali da yawa ba. Daga 220 zuwa 235 an shiga gonar motar yawo, daga 240 zuwa sama kuwa filin tsere ne. Idan aka tsaya tsakanin guda biyu ana shakka, a ɗauki ƙarami. Kada kuma a zarme ta wancan ɓangaren, domin buɗi da ya yi gajarta ainun a injin da aka sha goge samansa yana ƙara matsi har inji ya riƙa ƙwanƙwasa a kan hawa, wannan kuwa shi ke huda fistin.

Sabon kamshaf ba ya zama da tsohon tafet ko tsohuwar roka, domin kowane ya riga ya goge daidai da abokin zamansa na da. A sake su tare. Idan an ƙara zurfin buɗi, a tabbata sifirin ɗin bawul ba ya haɗewa ya ƙare kafin tozo ya kai ƙololuwa, a kuma juya inji da hannu sau biyu a ji babu inda ya cije kafin a sa makulli. A shafe tozaye da mai, kuma da inji ya tashi kada a bar shi a silo, a riƙe shi tsakanin juyi 2,000 da 2,500 na minti 20 zuwa 30, domin a wannan rabin sa'a ne tozo da tafet ke sabawa da juna. Bayan haka a juye mai. Mai sayen na hannu a Panteka ta Kaduna ko a Apo ta Abuja ya tafi da ma'auni ya gwada tsayin tozayen ɗaya bayan ɗaya, ya bi su da farce ya ji ko akwai rami ko kaushi. Wanda aka yi wa walda aka goge da dutsen wasa a gefen titi kuwa a guje shi, domin taurin kamshaf a fatarsa yake, da an ci fatar sauran ƙarfen ba ya jimawa, kuma garinsa cikin baƙin mai yake zuba ya bi ya ci sauran inji. Araha dai ba ta ado.

Kada kuma a manta da aljihu. Tun daga ranar 29 ga watan Mayu na 2023, da aka janye tallafin man fetur, kuɗin lita ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki, ribar mai akori-kura ta koma abin da ya rage bayan an biya gidan mai. Kamshaf mai dogon buɗi yana barin ɗanyen mai ya bi hayaƙi ya fita ta salansa a ƙaramin gudu, yana kuma tilasta direba zama a giya ta biyu inda da ta uku ta isa. Ga kuɗin sayensa da kuɗin ƙasar waje, ga na ɗauri, ga ƙarin mai kullum, ga kuloci duk bayan 'yan watanni. Wannan kuɗi da an zuba shi a wanke lagireto, da sabon birki, da tayoyi masu kyau, da ya fi amfani.

Muna kira ga shugabannin makanikai na Keffi da kewaye, musamman ƙungiyarsu ta NATA, da su riƙa zaunar da yaransu suna koya musu karanta takardar ma'auni da amfani da agogon auna matsi da na zuƙa, domin kayan aikin nan biyu ba su da tsada, kuma suna raba gardama tun ba a kwance ƙusa ɗaya ba. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa tun 1988, da jami'an duba lafiyar motoci, su ma ya kyautu su sa ido a kan yadda ake jan mota da mota a hanyar Akwanga, su faɗakar kafin su hukunta. Kai kuma ɗan'uwa mai akori-kura, idan wani ya kawo maka tallar kamshaf, ka tambaye shi abu ɗaya: a juyi nawa ƙarfinsa yake fitowa? In ya ce sama da 4,000, ka yi masa godiya ka riƙe kuɗinka.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba lagireto da dalilan da ke sa mota tafasa a kan hawa. Allah ya kiyaye hanya, ya sa a sauka lafiya.